Yadda na auna firam ɗin keken tsalle kafin in biya kuɗi

Keken tsalle, wato irin wanda aka ƙera don tashi a kan tudun ƙasa da aka gina da shebur, ba a zaɓar girmansa yadda muka saba zaɓar Raleigh ko Phoenix. A wurinmu mai saye yakan hau sirdi, ya ga ko ƙafarsa na taɓa ƙasa, ya ɗan zagaya, shi ke nan ciniki ya faɗa. Wannan awo ba ya aiki a nan, domin shi wannan keke ba a zaune ake tuƙa shi ba. Sirdinsa can ƙasa yake, an ɗaga bakinsa sama, amfaninsa kawai a matse shi da gwiwoyi idan ana sama, ko a ɗan huta kafin a sake gangarowa. A tsaye kan feda ake yin komai. Abin da za a nema ke nan shi ne nisan da ke tsakanin tafin ƙafa da hannu, ba tsayin sirdi ba.

Da jikina na fara, a gida, kafin in taka kasuwa. Tsawona santimita 176 ba takalmi. Amma tsawo kaɗai bai wadatar ba, don za ka ga mutum biyu kansu ɗaya, wannan dogon hannu gare shi, wancan doguwar ƙafa. Awon da ya fi amfani shi ne tsayin dunƙulen hannu daga ƙasa. Na sa takalmin da zan riƙa hawa da shi, na tsaya gefen bango, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya kamar yadda suke zama a kan feda, tsakaninsu kamar santimita 34. Na dunƙule hannu a kan fensir kamar na riƙe kan keke, na sake shi ya miƙe ƙasa ba tare da na ɗage kafaɗa ba, aka yi mini alama a bango daidai bakin fensirin. Daga ƙasa zuwa alamar santimita 78. Na ƙara kusan ɗaya saboda rabin kaurin feda, ya zama 79.

Ga dalilin wannan lamba. Lokacin da taya ta kai bakin tudu, mahayi yana miƙewa ne gaba ɗaya, ya jawo kan keken zuwa cinyoyinsa da hannu a miƙe. Idan nisan daga cibiyar feda zuwa mariƙar hannu ya wuce tsayin dunƙulensa, kan keken zai tsaya masa a ciki, sai ya lanƙwasa gwiwar hannu, ƙarfin ƙugu ya tafi a banza. Idan ya gaza da santimita ɗaya ko biyu, babu laifi, a keken tsalle ma haka aka fi so. Saboda haka na rubuta 77 zuwa 78 a takarda, na sa a aljihu tare da tef ɗin awo na ƙarfe irin na kafinta, da zare mai ƙarfi, da alli, da alanki masu lamba 4 da 5 da 6, da famfon iska.

A Birnin Kebbi ba wanda ke da shagon irin waɗannan kekuna su kaɗai. Cikin kayan gwanjo suke faɗowa ɗaya-ɗaya, waɗanda aka shigo da su ta Kwatano ko aka kwaso daga Legas da Kano, galibi an goge rubutun jikinsu ko an sake musu fenti. Huɗu na samu a wurin wani dattijo. Da ya ga na nufi masu gajeren firam sai ya ce, "Malam, wanga na yara na, ga babba nan daidai kai." Na ce, "Baba, bari dai tef ya raba mu." Ba laifinsa ba ne. Duk wanda ya saba da keken zuwa gona, idan ya ga bututun sirdi bai wuce santimita 33 ba, na yara zai ɗauka.

Ɗaya daga cikin huɗun tun kafin awo ya fita, kuma a nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Ƙaramin keken hawan dutse ne na yau da kullum, mai taya inci 26, an sauke masa sirdi an cire giya, daga nesa sai ka rantse na tsalle ne. Abubuwa uku suka tona shi. Ramin da aksul ɗin baya ke shiga ƙasa yake kallo, maimakon ya zama dogon tsagi a kwance wanda ake ja da taya baya don ɗaure sarƙa. Daga cibiyar feda zuwa aksul ɗin baya santimita 42 da rabi, alhali na tsalle yakan tsaya tsakanin 37 da rabi da 39 da rabi. Sannan bututunsa sirara ne, ba wani ƙarin ƙarfe a ƙarƙashin wuya, wato gajeren bututun gaban firam da kan keke ke juyawa a cikinsa. Irin wannan ko girmansa ya yi maka daidai, ba don dirowa daga sama aka yi shi ba, kuma a wuya yake karyewa, wurin da in ya karye fuska ce ke fara isa ƙasa. Na gaske su ne irin su Specialized P.3, Trek Ticket, Giant STP, Canyon Stitched, Commencal Absolut, da na kamfanin DMR na Ingila da NS Bikes na Foland. In ka ga sunan bai goge ba ka huta, sai ka nemi jadawalin awonsa a intanet, amma ka tabbata na shekarar da aka ƙera shi ne, don suna ɗaya yakan ƙara tsawo daga wannan fitowa zuwa waccan.

Sauran ukun na auna su a jikin bango. Abin da nake nema shi ne miƙa, wadda masu ƙera kekuna ke kira ric: nisan da ke tsakanin cibiyar feda da tsakiyar saman wuyan firam, a kwance, ba a karkace ba. Na zaɓi wurin da daɓen siminti ya daidaita, na buga wa tayoyin biyu iska, na manna tayar baya a bango, yaron shagon ya riƙe keken a tsaye cak ba tare da ya danna shi ba. Na auna daga bango zuwa tsakiyar notin hannun feda, sannan daga bango zuwa tsakiyar saman wuyan firam, na cire na farko daga na biyu. A keke na tsakiya na samu 72 da 112 da rabi, miƙarsa 40 da rabi ke nan. Gajeren ya ba ni 38 da rabi, dogon 43.

Wurin kuskure a nan biyu ne. Na farko, tef ya karkace. In ka ɗora bakinsa a bango sama ko ƙasa da tsayin abin da kake aunawa, lambar za ta ƙaru, shi ya sa na fara auna tsayin kowane wuri daga ƙasa na yi alama da alli a bango, sannan na ja tef daga alamar. Na biyu, a auna zuwa saman notin da ke rufe fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, maimakon saman firam ɗin kansa. Wuyan ya jingina baya da kamar digiri 69, don haka duk abin da ke samansa ya fi shi kusa da bango, kuma za ka ga keken ya yi maka gajarta a takarda alhali ba haka yake ba. Tunda alamomin na bango, na cire tsayin cibiyar feda, 31 da rabi, daga tsayin wuya, 88, na samu 56 da rabi. Wannan shi ne tashin gaban firam, kuma kekunan uku ba su bambanta sosai a nan ba.

Wasu masu sayarwa ta waya sukan aiko maka da tsawon sandar sama, su ce inci 22 ko 23. Ka tambaya yadda aka auna. Sandar saman keken tsalle gangare take yi sosai, in an bi jikinta da tef lamba ɗaya ce, in an auna a kwance daga wuya zuwa sandar sirdi wata lamba ce dabam, kuma kamfanoni ma ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba. Haruffan S da M da L su ma ba abin dogaro ba ne, L na wani kamfani shi ne M na wani. Ka sa a manna keken a bango a ɗauko maka hoton tef, gani ya kori ji.

Daga nan sai awon da na zo da shi a aljihu. Na ɗaure zare daga tsakiyar mariƙar hannun dama zuwa ta hagu, ya miƙe tsaf, na auna daga tsakiyar zaren zuwa cibiyar feda. Tef ɗin zai ɗan kauce wa firam, amma bambancin bai kai a damu ba. Gajere 76, na tsakiya 77, dogo 78 da rabi. Ka lura da abin da ya faru: miƙa ta bambanta da santimita huɗu da rabi tsakanin gajere da dogo, amma wannan awo biyu da rabi kawai ya motsa, saboda mafi yawansa tsayi ne ba tsawo ba. Ma'ana, shi wannan awo yana gaya maka keken da ya fi ƙarfinka, amma ba ya zaɓa maka tsakanin biyu da suka shiga. Ni duka ukun ba wanda ya wuce 79. Sai an koma ga ƙafa da gwiwa.

Na hau kowanne a tsaye, ana riƙe da ni, feda a kwance, ƙafar da na saba sa wa gaba tana gaba, na juya kan keken har ya kalli baya. Fok yana tura aksul gaba da kamar santimita huɗu, to in aka juya shi sai tayar ta matso wajen ƙafa da kusan takwas. A gajeren, tayar ta shafi bakin takalmina mai lamba 43. A ƙasa wannan ba komai ba ne, amma a sama, ranar da ka juya kan keken taya ta kama yatsa, ba za ka samu damar mayar da shi ba kafin ka diro. Ina son a samu aƙalla faɗin yatsu biyu. Na tsakiya ya ba ni haka, dogon ya ba ni fiye. Hannun feda na milimita 165 maimakon 170 yakan ƙara rabin santimita, wanda wani lokaci shi ke raba gardama. Sannan na durƙusa sosai kamar zan danna keken a gindin tudu, in ga ko gwiwa za ta bugi mariƙin kai, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa kan keke da fok. A gajeren ta kusa.

Kafin in yanke wa gajeren hukunci sai na lura fok ɗinsa ba nasa ba ne. Ƙarfen da ke shiga da fita ya kai milimita 120, alhali irin wannan firam don 100 aka yi shi, wasu ma 80. Duk ƙarin milimita 20 a tsawon fok yana kwantar da wuya da kamar digiri ɗaya, ya ɗaga cibiyar feda da kamar milimita 7, ya cinye kusan santimita ɗaya na miƙa. Wato da fok ɗinsa na asali, irin Manitou Circus ko RockShox Pike DJ, da 39 da rabi zan samu. Mutane na ɗaukar dogon fok alheri ne, a ce ya fi shan gargada. A kan tudu mai santsi ba ka bukatar haka, shanye maka ƙarfin tashi yake yi, kuma yana ƙara wa walda ta wuya nauyin da ba a lissafa da shi ba. In za ka sauya fok, ka duba abu biyu: ko sandarsa miƙaƙƙiya ce mai kaurin milimita 28.6 ko mai faɗi daga ƙasa, da kuma ko wanda ya riga ka bai yanke ta ta yi gajarta ba. Wuyan firam yakan ci santimita 10 zuwa 12, boris da mariƙin kai su ci kamar shida. Sandar da ta gaza haka ba ta da magani, kuma kada ka yarda a ƙara mata tsawo da walda.

Tsawon baya, wato daga cibiyar feda zuwa aksul ɗin baya, shi ma girma ne, ko da yake ba a rubuta shi a jikin keke. Na tsakiya na same shi a 39, aksul ya kusa ƙarshen tsagi, ga sarari a gabansa. Wannan a hannunka yake. Tsakanin ƙusoshin sarƙa milimita 12.7 ne, in ka cire gaɓa guda cikakkiya, ta ciki da ta waje, aksul zai matso gaba da kusan milimita 13. Rabin gaɓa yana motsa shi da 6, bambancin haƙori ɗaya a farantin da sarƙa ke hawa kuwa da kamar 3. Gajeren baya yana sa gaba ya tashi da sauƙi, keken ya juya kamar mazari, amma yana saurin kifar da mutum ta baya. Dogon baya ya fi natsuwa a gudu. Kada dai a matso har taya ta rasa rabin santimita tsakaninta da firam, don jar ƙasa mai danshi tana liƙewa ta cika wurin.

Duk wannan lissafi banza ne in firam ya tsage ko ya karkace, don haka, da yake na ajiye gajeren saboda tayarsa na shafar takalmi, na wanke na tsakiya da dogon da tsumma, na bi walda da fitilar waya: ƙarƙashin wuya, bayan cibiyar feda, gefen ramin aksul, da inda birkin baya ke ɗaure. Layi siriri kamar gashi a fenti, ko fenti da ya tattare a bayan wuya, alamar an taɓa dirowa da ka ne. Sabon fenti a wuri ɗaya tak shi ma abin tambaya ne. Firam ɗin alminiyam, wanda galibi ake rubuta wa 6061, in ya tsage a bar shi, domin bayan walda sai an gasa shi a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo, abin da mai walda na bakin titi ba shi da shi. Na ƙarfe mai lamba 4130 ya fi karɓar gyara. Maganaɗisu zai gaya maka wanne ne a hannunka. Don karkata kuwa, na ɗaura zare a ramin aksul na dama, na zagayo da shi ta gaban wuya zuwa na hagu, na auna tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce milimita biyu ko uku, keken zai riƙa karkata a sama, kai kuma ka yi ta zargin hannunka. Duka biyun sun tsallake.

Dattijon ya yarda yaronsa ya bi ni da su zuwa wani tsohon ramin ɗibar jar ƙasa a bayan gari, inda muke da ɗan tudu mai shimfiɗaɗɗen sama, tsayinsa santimita 60, samansa mita ɗaya da rabi. A rairayi ba a gwada keke, taya nutsewa take yi, kowane firam sai ka ji shi da nauyi. Na sa iska 50 a ma'aunin famfo a duka tayoyin don kada bambancin iska ya ruɗe ni, na share tsidau daga hanya, na ɗaura hular kwano. Gwaji uku na yi wa kowanne: ɗaga gaba a tafi a kan tayar baya ba tare da taka feda ba, ɗaga keken gaba ɗaya daga fili, sannan tudun sau biyar-biyar.

Dogon ya fi kwanciyar hankali a sama, ba ya rawa, kuma in an diro ba daidai ba yana yafewa. Amma kafin gabansa ya tashi sai na kai ƙugu har bayan taya, hannu ya miƙe ƙarshe ba sauran abin ja. Na tsakiya da ɗan zama baya kaɗan ya taso, kuma a kan tudun ina iya sunkuyar da gabansa ya bi gangaren sauka a lokacin da nake so. Da tudunmu manya ne masu rami a tsakani, waɗanda ake shiga da gudu, dogon zan ɗauka ba shawara. Namu ƙanana ne, kusa da juna, kwana a matse. Na tsakiya na biya.

A ganina, wanda bai kai santimita 165 ba ya nemi miƙa tsakanin 37 da 39, daga 165 zuwa 180 ya nemi 39 zuwa 41 da rabi, wanda ya haura 180 ya fara daga nan zuwa 44. Wanda ya taso a kan BMX, ƙaramin keken wasa mai ƙananan tayoyi, zai fi son ƙasan iyakarsa, wanda ya saba da babban keken dutse zai fi son samanta. Yaron da bai kai santimita 150 ba a nema masa mai taya inci 24. Ɗabi'ar nan tamu ta ɗinkin Sallah, a yi shi da girma yaro zai tarar da shi, ba ta da wuri a nan. Riga in ta yi yawa naɗewa ake yi, keken da yaro ba ya iya ɗaga gabansa kuwa da ka zai sauko daga tudu.

Sauran gyaran a gida na yi shi, kuma kaɗan ne, don firam ɗin da bai yi ba mariƙin kai ba ya ceto shi. Mariƙin da ya zo da keken milimita 50 ne, na bar shi. Tsakanin 35 da 50 ake wasa, in ka ga sai ka sa na 70 kafin ka sake, firam ɗin ne ya yi maka kaɗan. Akwai zoben milimita 10 a saman mariƙin, na mayar da shi ƙasa, kan ya tashi da kamar 9 ya dawo baya da kusan 4, awon zare ya koma kusan 78. Faɗin kan santimita 78 ne, ya yi mini yawa, yana taɓa cinya in na juya shi. Na matso da mariƙan hannu ciki na yi kwana uku ina hawa a haka kafin in sa zarto, sannan na yanke santimita ɗaya da rabi a kowane gefe, ya tsaya a 75. Na cire gaɓa guda daga sarƙa na sa rabin gaɓa a madadinta, aksul ya matso zuwa 38 da rabi ba kaɗan, na ɗaure notin bayan na tabbata sarƙar na motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a tsakiya. Wayar birkin baya ce kawai ban taɓa ba tukuna: gajera ce, ba ta barin kan ya zagaya sau ɗaya cikakke, sai na samu mai tsawon da zai naɗe wuya ba tare da ta ja birki ba.